Baki Huɗu

Na shiga Katako da takarda a aljihu,
gumi ya cinye rabin lissafin.
Majigi uku gare ni, duka na aro,
bango uku na tsohuwar makarantarmu a Bukoki,
da dare ɗaya tak, Asabar ta sama.

Hamani ya fito min da wata siririya,
fara sol kamar tiren shayi.
"Ɗauki, Cima, ko iska ba ta fi ta sauƙi ba."
Na juya ta, na leƙa haƙarƙarinta:
baki ɗaya.
Na ce, Hamani, 'yan uku ne za su sha,
uwar kuma mama guda?

Ya ce akwai marabar waya,
tana raba hoto gida uku, jika goma kacal.
Na san ta.
Ita ta kunyata ni bara a Harobanda:
Tankari ya sauke gula kan kalangu,
amo ya haye kogi ya dawo,
sannan hannunsa na bango ya iso.
Mai rawa ta ratsa kusurwa,
kafaɗarta ta isa bangon gabas,
ƙafarta tana can yamma tana jiran mota.
Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya,
ta ce, "'Yar nan, bangonki kurma ne."
Har yau maganar tana kwana da ni.

Don haka ba kyau na zo saye ba.
Kati nake so mai baki huɗu,
uku na bango, ɗaya na idona,
wanda zai fitar da hoto a numfashi guda
kamar masu daka uku a turmi ɗaya.
Ina son ƙwaƙwalwa mai faɗi,
da ma'ajin da babu abin da ke juyawa cikinsa.
Ina son fanka, Hamani, fanka har uku.
Wanda ya ƙera waccan fara
bai taɓa kwana Yamai a watan Afrilu ba.
Na'ura in ta ji zafi ba ta kuka,
rage tafiya take yi a ɓoye
kamar jakin da ya gane hanyar da sauran nisa.

Ya shiga ciki, ya daɗe.
Ya fito rungume da baƙin akwati,
gefensa a lotse, nauyin buhun gero.
Muka buɗe shi a kan benci.
Na ƙirga bakuna da yatsa.
Huɗu.

Kuɗi bai kai ba, ya za a yi ya kai?
Na soke sabon allo, nawa mai tsaga zai yi.
Na soke jaka.
Akwatin batir kaɗai na ƙi sokewa,
don wutar garin nan ba ta sallama in za ta tafi.

Daren Juma'a, ni da Gado maigadi.
Na ja kusurwar haske da linzami,
na ɗora ta a bakin taga,
na kauce wa indararo,
na bi tsagar da ke bayan aji biyar
inda na taɓa kankare sunana da ƙusa.
Bango ba takarda ba ne,
yana da ciki, yana da doro,
sai ka lallashe shi taku-taku.

Na ce, Baba Gado, tsaya gaban kyamara, ka tafa.
Ya ajiye tocila, ya gyara hula.
Ya tafa.
Tafi uku manya, kowane ya kai ƙofa,
suka haɗu tare da ƙarar.

Ya dubi bangon, ya dubi hannunsa.
Ya sake tafawa, da sauri, don ya kama shi.
Bai kama shi ba.
Fankoki suna ta huci a ƙafata,
na ɗora tafin hannu kan akwatin:
ɗumi kaɗan, kamar goshin yaron da zazzaɓi ya saka.